HANNUN DA AKA ƊAURE

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun ban karya kumallo ba, kuna cewa na bar Safiya a tasha na tafi na yi barcina, to ga ta nan na sauko muku da ita. Ke kuma da kika ce in kashe Kawu Shehu kowa ya huta, ki yi haƙuri, mutumin nan ba mugu ba ne. Tsoro ne ya yi masa yawa.

*

Mai kabu-kabun da ya ɗauko Safiya daga bakin titin Kwatarkwashi ya ƙi ƙarasawa da ita rugar. Ya ce taɓo, ya ce mai ya yi tsada, amma duk maganar da yake yi idonsa na kan dutsen Kwatarkwashi.

"Nan ni ka tsayawa, baiwar Allah. Rugar da hannu ka tatsa shi ɗai? Ina da iyali."

"Wane hannu?"

"Au, ba ki jiya ba?"

Bai jira amsarta ba ya juya babur ɗinsa.

A wannan daminar ta 1998, daga Tsafe har Bunguɗu an gama yayata zancen, sai ita 'yar mai hannun ce ba ta ji ba. Tana can Sabon Garin Gusau tana jinyar ɗanta da baƙon dauro ya kwantar.

Ta kama hanya a ƙasa. La'asar ta yi sanyi, inuwar dutsen ta riga ta rufe bukkokin, alhali gonakin da ke gefe har yanzu rana na kansu. Tun tana yarinya, in an kawo ta ganin gida, ba ta son wannan inuwar.

Abin da ke ranta guda ne, hannun mahaifiyarta Inno. Ranar da Inno ta faɗi a gindin jar saniyarta, ƙwarya a cinya, likita a Gusau ya ce hawan jini ne ya fasa wata jijiya a cikin kanta. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Da Allah ya sa ta farfaɗo, Malama Lantana ta ɗakin gashi ta ja Safiya gefe ta nuna mata yadda ake miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa gwiwar hannu, a ɗaga kafaɗa, a zaunar da mara lafiya.

Ta ce mata, "Yanzu ne lokacin, ba baɗi ba. A makonnin nan na farko jiki ke neman hanyar komawa. In kuka bar hannun nan ya kwanta zai ƙage, ya dunƙule, ko ni ban iya buɗe shi daga baya."

Safiya ta koya wa Rabi, matar ƙaninta Ɗahiru, duk abin da aka koya mata. Ta bar mata man shafawa, ta ce safe da yamma. Sannan ciwon yaro ya janye ta.

Rabin ce kuwa ta fara hango ta. Tana tsaye bakin bukkar Inno da tsintsiya, tsintsiyar ta suɓuce.

"Yaya... ke ta?"

"Ni ce. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Kina yi mata gashin?"

Rabi ta duba ƙasa, ta duba garke, ta duba ko'ina ban da fuskar mai tambaya.

"Ki bari Kawu shi dawo."

Safiya ta ɗage asabarin ta shiga.

Warin hayaƙi ne ya fara dukanta, wani ɗaci-ɗaci na saiwa da aka ƙona. An toshe duk wata kafar haske da tsumma. Sai da idonta ya saba da duhun ta ga Inno kwance a kan gadon kara, ta rame ƙwarai. Da Inno ta gane mai shigowa, sai ta juyar da fuskarta bango.

Wannan bai ba Safiya mamaki ba. Ita ce 'yar fari. Tun yaye aka kai ta Tsafe wurin kakarta, can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Inno ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ba ta taɓa miƙa mata abu hannu da hannu ba, in za ta yi mata magana sai ta faɗa wa wani na kusa. Ita ma Adda take kiranta, kamar yayarta. Kowa na yabon Inno da wannan kunyar, ita ce abin alfaharinta a cikin matan ruga. Safiya ta girma tana yabawa tare da masu yabo, abin kuma na ci mata rai.

"Adda, ya jiki?"

Safiya ta durƙusa ta yaye zanen da aka lulluɓa mata.

An ɗaure hannun. An manne shi da ƙirji, an naɗe shi da tsumma, a kan tsumman an zagaya dangwali, igiyar nan da ake ɗaure 'yan maruƙa, an bi da ita ta bayan Inno an ƙulle. Yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, sun dunƙule cikin tafin.

"Rabi."

Ba ta ɗaga murya ba, amma Rabi ta shigo da sauri.

"Wa yay yi wannan?"

"Jatau na. Mai maganin gindin dutse. Kawu yak kawo shi."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun bayan tahiyarki da kaɗan."

Safiya ta fara kwance ƙullin. Igiyar ta ci fata, duk inda ta zare sai ta bar shaida. Rabi ta kama mata hannu.

"Don Allah Yaya ki bari. Ba ki ga abin da munka gani ba."

"Mi kunka gani?"

Rabi ta rage murya har da ƙyar ake jinta.

"Shina motsi. Shi ɗai. Duk sa'ad da maruƙa sunka hwara kuka, sai ki ga yatsun suna matsawa suna saki, suna matsawa suna saki, awa mai tatsa. Ni na hwara gani. Ina cikin shahwa mata man nan da kinka bari, yam motsa cikin hannuna. Ban san sanda nay yi waje ba."

"Sai kinka gaya wa Kawu."

"Mi zan yi? Ke kuma ga wani abu. Tun da hannun yah hwara haka, jar saniya ta hana nono. Ko ɗigo. Jatau yac ce Doguwa ta, aljanar dutsen ga, tash shanye ɓarin, yanzu ta ari hannun tana tatse garken da shi daga nan kwance. Yac ce in ba a ɗaure ba, sai ta bi shanun nan ɗai-ɗai."

Safiya ta zare zagaye na ƙarshe, ta jefar da igiyar gefe. Ta ɗauki hannun. Yana da nauyi da sanyi. Ta gwada miƙe gwiwar, sai ta ji ta cije a rabi, inda a da take tafiya har ƙarshe ba gardama. Idonta ya cika da ƙwalla. Abin da Malama Lantana ta faɗa ne ya fara.

Tana taɓawa jikin Inno ya ɗauki rawa. Ta ƙara cusa fuskarta cikin karan bango.

"Ki ga yadda anka azabtar da ita," in ji Safiya. "Ɗaure ta anka yi awa dabba, ba ta da bakin hanawa."

Rabi ta girgiza kai.

"Ba tilas anka yi mata ba, Yaya."

"Mi kike nuhi?"

"An tambaye ta. Bakinta ya ɗan buɗe yanzu, tana hwaɗin kalma ɗaya-biyu. Kawu yac ce mata, ko dai a ɗaure, ko a aika Gusau a kira ki ki zo ki zauna kina murza ta awa yadda kinka yi asibiti. Ina nan tsaye. Da bakinta tac ce, a ɗaure."

Rabi ta ci gaba.

"Kukan da kinka ga tana yi can asibiti in kina miƙe ta, kina cewa zahi na, ki yi haƙuri Adda... ba zahi ba na. Kunya ta. Ɗiyar hwari tana ɗaga mata hamata gaban mutane. Ta hi son hannun shi mutu."

Maganar ta shiga Safiya har ƙashi. Ta tuna yadda take zuwa ɗakin marasa lafiya da ɗokinta, tana ganin Allah ya ba ta abin da ta rasa tun yaye, damar taɓa uwarta. Ashe ita kaɗai ke murna. Ta ji haushi, ta ji tausayi, ta rasa wanne ya fi yawa. Hannun dai ba ta sake shi ba.

Can waje aka fara jin dawowar garke. Wani ɗan maraƙi ya yi kuka, saura suka amsa.

Rabi ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

A cikin tafin Safiya, yatsun Inno suka motsa.

Ɗan yatsa manuni ne ya fara, na tsakiya ya bi shi. Suka matsa a hankali, suka saki. Suka sake matsawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsigar jikin Safiya ta tashi. Ita ma da labarin iskokin dutsen nan aka yaye ta. A cikin wannan duhun, da wannan hayaƙin, ga mace kwance ta juya baya kamar ba ta san abin da hannunta ke yi ba, sai da zuciyarta ta ce mata ta yar ta gudu. Ta karanta abin da ya zo bakinta. Sannan muryar Malama Lantana ta faɗo mata: *ranar da kika ga ko yatsa ɗaya ya motsa, ki gode wa Allah, ki ƙara ƙaimi, hanya ce ta fara buɗewa.*

"Rabi," ta ce, "wagga ba Doguwa ba ce. Sauƙi ne. Sauƙi ne yaz zo kunka ɗaure shi."

"Wa yak kwance igiyar nan?"

Kawu Shehu ne, yayan Inno, tsaye a ƙofa da sandarsa. Ya yaye asabarin gaba ɗaya, hasken yamma ya shigo. A bayansa wani gajeren tsoho ne mai jar hula da buhun fata a kafaɗa. Ba sai an gaya mata shi ne Jatau ba. Matan ruga sun fara taruwa nesa kaɗan.

Safiya ta gyara durƙuso ba tare da ta saki hannun ba.

"Kawu, ina wuni."

"Lahiya. Na tambaye ki."

"Ni ce."

"Da izinin wa?"

"Kawu, ka dubi hannun nan. Da anka sallamo ta shina miƙewa har ƙarshe. Yau ya tsaya rabi. In anka ƙara ɗaure shi, shi ke nan, ko an kai ta ina ba ya buɗewa."

"Hannu ɗaya kike gani. Ni garke ni ka gani, da mutanen da ka ci cikinai." Ya nuna waje da sanda. "Jar saniya ta ƙahe. Jiya baƙar saniya ta rage nono. Kin san abin da yas sami ƙanwar uwarmu? Haka tah hwaɗi, nan gindin dutsen ga. Ba mu ɗauki mataki ba. Kahin kaka mun rasa ta, mun rasa rabin shanu. Ina yaro amma ban manta ba."

"Jar saniya ba ta san hannun kowa ba sai na Adda. Tun rasuwar Baffa, mahaifinmu, ita ɗai ka tatsarta. Wace saniya ka sakin nono ga baƙon hannu?"

"Baƙar hwa?"

Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda bai ji daɗin cin gardamar ba. Idanunsa sun faɗa, da gani shi ma ya daɗe bai yi barcin kirki ba.

"Na yi rubutu, na yi sadaka, na yanka ɗan akuya. Kina tsammanin daɗi ni ka ji in ga ƙanwata cikin dangwali?"

Jatau ya yi gyaran murya. Magana yake a sanyaye, ba ya kallon kowa.

"Igiya ba ta riƙe ta ba, Shehu, na gaya maka. Yau za a sa ƙarhe ga wuyan hannun, a kashe hanyar da taka bi. Kahin rana ta hwaɗi za a yi. In duhu ya shiga ba ni taɓawa."

Sai a lokacin Safiya ta lura da hayaƙin da ke tashi a tsakar ruga. An hura wuta, an cusa bakin wani ƙarfe a ciki, irin wanda ake yi wa shanu shaida da shi.

Ta juyo wajen Kawu.

"Kawu, ka ba ni dama guda. In iska ce ka motsa shi, ai ba ta jin maganata, ko?"

Kawu ya dubi Jatau. Jatau ya ɗaga kafaɗa.

"Ba ta jin ta kowa."

"To maruƙa sun yi shiru, kowa na ji. Hannun ya tsaya, kowa na gani. Zan ce Adda ta matsa. In ya matsa da maganata, nata ne. Ka bar ni in tahi da ita Gusau gobe, a ci gaba da gashi. In bai matsa ba, na tashi na ba ku wuri."

"Kin yarda da hakan?"

"Na yarda."

Kawu ya jingina da sandarsa. Matan suka matso har bakin ƙofa, kai bisa kai.

Safiya ta buɗe yatsun a hankali, ta sa nata guda biyu a cikin tafin. Ta sunkuya kusa da kunnen da ba ta taɓa yi wa raɗa ba.

"Adda. Ki matsa."

Babu abin da ya motsa.

"Adda, na san kina ji na. Ba sai kin dube ni ba. Ki ɗauka ba ni ba ce, ki ɗauka Rabi ce. Ki matsa kawai."

A waje itace ya fashe a cikin wuta.

"Za su ƙona miki jijiya. In sunka ƙona, ba ki ƙara riƙe ƙwarya, ba ki ƙara ɗaura zane da kanki. Wani zai riƙa kai ki bayan gida har ƙarshen rayuwarki. Ke da ba ki son a gan ki. Adda, don Allah."

Jatau ya sauke buhunsa ya fara kwance bakinsa.

Kawu ya ce, "Tashi, Safiya. Kin yi iyakar..."

Bai ƙarasa ba.

Yatsun suka lanƙwaso. A hankali, da rawa, kamar mai ɗaga kayan da ya fi ƙarfinsa. Manuni, na tsakiya, har da babban yatsa da bai taɓa motsi ba. Suka rufe a kan yatsun Safiya suka riƙe. Jijiyar wuyan Inno ta miƙe, zufa ta tsattsafo mata a goshi.

Wata daga cikin matan ta yi salati.

Hawaye suka zubo wa Safiya. Ta ɗago hannun sama yadda kowa zai gani.

"Ka gani, Kawu. Ka gani da idonka."

Kawu Shehu ya matso, bakinsa na motsi. A fuskarsa ta ga yana so ya yarda, wallahi yana so.

"Doguwa ta iya wayo," in ji Jatau, har yanzu a sanyaye. "Ta ga wuta, dole ta yi abin da za a bar ta. Mai jiki na da baki. A tambaye ta."

"A tambaye ta," Safiya ta amsa da sauri, don ba ta ga abin tsoro a ciki ba.

Rabi ce kawai ta dafe ƙirji. Ita ta riga kowa gane abin da za a tambaya, da kuma a gaban wa.

Kawu ya tsuguna a bakin gadon.

"Inno. Juyo ki dube ni."

Da ƙyar ta juyo da kanta. Idonta ya sauka kan yayanta, ya wuce kan Jatau, ya wuce kan matan da ke cike da ƙofa, sa'o'inta da surukanta da waɗanda suka shekara suna ba 'ya'yansu misali da ita. Bai sauka kan Safiya ba.

"Tsakaninki da Allah," in ji Kawu. "Ke ta kinka kama hannun ɗiyarki ta hwari, ko ba ke ba ta?"



Safiya na jin riƙon yana ƙara ƙarfi, yana ƙara ƙarfi, har farcen ya fara shiga namanta.

"Adda..." ta ce a hankali.

Inno ta runtse ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

"Ba... ni... ba."

Kawu Shehu ya daɗe a tsugune. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya juya wajen ƙofa.

"Ku ɗauko ƙarhen."

Har lokacin Inno ba ta saki yatsun 'yarta ba.